Ƙasar Tozai da Turaren Inna

Shekara huɗu na yi ina yi wa ƙanwata haƙar ƙasa, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Ni malamin firamare ne a Illela. Ita autarmu malama ce a jami'a, masaniyar kimiyyar sinadarai. Idan ta bugo waya ta ce, "Yaya, ƙasata ta ƙare," sai in jira Asabar, in ɗaure diga da buhu a bayan babur, in nufi wata fadama da ke gefen Tozai. Akwai wani rami a can da masu ginin tukwane suka daɗe da bari, a gindin wata tsamiya. Ita ta nuna mini shi da kanta tun farko. Ta ce in zurfafa har ƙugu, in ɗebo mai fari-farin nan, kada in haɗa da jar da ke sama.

Abin da take bincike shi ne abubuwa masu ƙananan kafofi, irin waɗanda ido ba ya gani. Yadda ta fahimtar da ni, yumɓun nan idan an busar da shi an daka, kowace ƙwaya tana da ramuka da lunguna a cikinta. In ruwa mai datti ya ratsa ta ciki, sai dattin ya maƙale a lungunan, ruwan ya wuce. Dattin da ya tsaya mata a rai shi ne ragowar maganin feshi. Duk wanda ya san lambunan albasar ƙasarmu ya san yadda ake feshi ba ji ba gani, ya kuma san rijiyoyin da ke tsakiyar lambun, waɗanda masu aiki ke sha in rana ta yi zafi. Da ta gama bayani na ce mata, ashe duk karatun nan da aka kwashe shekaru ana yi, rariya kika koyo. Ta ce e, rariya ce, in na isa in saƙa irinta.

Gidan Inna mahaifiyarmu nake kai ƙasar, don tsakar gidana ba ta da fili. A shanya ta kwana uku, in zo in daka, in tankaɗe, in zuba a jakar farin yadi. Daga nan Inna takan ce in bar mata, ita za ta ɗinke bakin jakar, don ɗinkina na maza ne. Washegari in zo in ɗauka in kai tasha. Jakar takan yi ƙamshi, amma wannan ba labari ba ne. Komai ya kwana a ɗakin Inna sai ya yi ƙamshi, har takardar asibiti. Inna mai haɗa turaren wuta ce, ta gada daga mahaifiyarta, mutuniyar can bayan Ƙonni. Mata daga ɓangarorin iyaka biyu suna zuwa wurinta in za su kai amarya. Haɗin kuwa ba wanda ya san shi. Matata ta yi shekara goma sha biyu tana kewaye-kewaye, yau ta kawo mata fura, gobe ta zo taya ta tsintar kajiji, ba ta samu komai ba sai albarka.

Takardar farko da autarmu ta fitar a mujallar masana a kan ƙasar Tozai ce. Ta nuna cewa yumɓun yana kama maganin feshi fiye da yadda aka san yumɓu yana yi. Na sa an buga mini shafin farko, na kai makaranta na nuna wa kowa, har da mai gadi. Ban gane rabin Turancin ba, amma na ga sunan mahaifinmu a sama, na ga Tozai a ciki, kaina ya yi girma ƙwarai. A ɗakin malamai na riƙa cewa "bincikenmu," har wani abokin aikina ya ce in yi hankali kada su ba ni farfesa ban shirya ba.

Sai wata tsohuwar farfesa a wata jami'a ta ƙasar waje, wadda ake ji da ita a fannin, ta rubuto tana son a aiko mata da ƙasar ta gwada. Lokacin ya zo daidai da babbar salla, autarmu tana gida. Ta ce wannan karon da hannunta za ta ɗebo. Muka je tare, muka cika bokitin roba, ta rufe, ta sa a mota da danshinta. A ɗakin gwajinsu ta busar, ta niƙa, ta aika.

Bayan 'yan watanni amsa ta zo. Farfesar ta ce ta gwada sau da yawa, ƙasar ba ta kama ko kusa da abin da aka rubuta ba. Autarmu ta ɗauko ragowar wannan ɗiban ta gwada, ita ma ta ga haka. Tsohuwar ƙasar da na saba aikawa kuwa ta ƙare ƙaf. Magana ta fita. A wurinsu babu zargin da ya fi wannan muni, wato a ce mutum ya zauna ya ƙirƙiri sakamakon da bai gani ba. Hukumar sashensu ta ba ta zuwa ƙarshen zangon karatu ta sake nuna sakamakon a gaban abokan aikinta, ta yadda wani ma zai iya maimaitawa. In ta kasa, za a janye takardar, a rubuta dalili, kuma rubutun zai zauna har abada inda duk mai neman sunanta zai gani. Ɗalibai biyu da ke neman babban digiri a ƙarƙashinta su ma aikinsu a kan wannan ƙasar ya tsaya.

Ta zo gida ta rame, idanunta sun faɗa. Muna zaune a zaure ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, don Allah kada ka ji haushi. Ka tabbata ramin da nin nuna maka, nan kake zuwa?"

Ai kuwa na ji haushi. Ni mutum ne mai saurin hawa, kowa a gidanmu ya sani. Na miƙe tsaye na ce, "Mi kike nuhi? Shekara huɗu ina shan rana bisa babur, ƙaya na huda man taya, yau ni za ki ce ma na ɗebo miki ƙasar bayan gida? Tashi mu tahi yanzu-yanzu!"

Muka tafi Tozai. Na nuna mata sawun digata a jikin ramin, na wannan shekara da na bara da na bariya. Ta shafa da hannu, ta ce in yafe mata. Na ce na yafe, amma sai da muka dawo gida fuskata ba ta saku ba. Muka ɗebo sabuwa, ta ce a yi komai yadda aka saba, ita kuma za ta bi da littafi da biro. Ta rubuta irin tabarmar da ake shanya, ta rubuta awa nawa rana ke dukan wurin. Ta ƙwaƙule turmin Inna ta ƙulle a leda, wai ko ragowar kanwa ce ko daddawa. Ta ɗauki hoton rariya. Inna tana kallonta daga ƙofar ɗaki, ta ce mini a hankali, "Karatun ga bai taɓa ma auta kai ba kuwa?" Ba mu faɗa mata abin da ake ciki ba, don hawan jininta.

Na daka, na tankaɗe, na zuba a jaka, na miƙa wa Inna ta ɗinke. Autarmu ta rufe littafinta, ta ce ba ta ga komai ba. Washegari za ta koma jami'a.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin Inna ɗauko mayafinta. Ina tsakar gida ina wanke ƙafa na ji ta ƙwala mini kira da wata irin murya. Na shiga a guje da takalmi ɗaya. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi. Inna ta kifa babban kwandon da take turara tufafi a kai, kasko na ƙarƙashi, ta shimfiɗa farin ƙyalle a sama, ta baje garin ƙasar nan a kai siriri, tana juya shi da hannu.

"Inna, mi kike yi?" in ji autarmu.

"Mi nika yi? Abin da nis saba."

"Tun yaushe?"

"Tun jakar hwarko mana. In bari a kai ma ɗiyata kaya cikin manyan mutane shina warin fadama? Su ce daga wane gida tah hito?"

Ashe kowane ɗiba, daga la'asar har kusan magariba, kashi-kashi, sai Inna ta turara shi kamar kayan amarya kafin ta mayar a jaka ta ɗinke. Autarmu ta sulale ta zauna a ƙasa, tana dariya hawaye na zuba. Ni kuwa na yi abin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ɗaga wa Inna murya. Na ce wa ya sa ta, na ce ta san irin ɓarnar da ta yi kuwa, na zazzage mata duk labarin da muke ɓoyewa, da tsawa. Inna ta janye hannunta daga kan ƙasar, ta dubi autarmu ta ce, "Ni na ɓata miki?" Autarmu ta rarrafa ta riƙe ƙafarta ta ce, "A'a Inna, ina jin ke kika gyara." Sannan ta juyo ta ce in fita. Ƙanwata ta kore ni daga ɗakin uwata, kuma na fita, don ta fi ni gaskiya. Da safe na zo na durƙusa na ba da haƙuri. Inna ta ce ba komai, amma sai da ta yi mako tana amsa gaisuwata a gajarce.

Autarmu ta tafi da kashi biyu, wanda ya sha hayaƙi da wanda bai sha ba. Bayan mako biyu ta bugo waya tana haki. Mai hayaƙin ya kama maganin feshi daidai yadda ta rubuta tun farko, ɗayan kuwa bai yi ba. Ta ce hayaƙin yana shiga kafofin ya bar wani shafi mai maiƙo-maiƙo a jikin lungunan, maganin kuma a jikin shafin yake liƙewa. Na ce to alhamdulillahi, magana ta ƙare. Ta ce ba ta ƙare ba. Ba wanda zai yarda don ta ce uwata ta turara. Dole ta rubuta a fili cewa akwai matakin da ita kanta ba ta san da shi ba, ta kuma bayyana haɗin turaren dalla-dalla, yadda baƙon da bai taɓa ganin Inna ba zai haɗa ya samu abu ɗaya.

Na je wa Inna da maganar. Abin mamaki, ba ta yi gardama ba. Ta ce in ɗauko biro. Ta lissafa kajiji, hawi, farce, itacen sandal, sukari, da wasu biyu, kowanne da yawansa da yadda ake soya shi. Na rubuta na aika, ina ta yabon sauƙin halin uwata. Autarmu ta sayi kayan ta haɗa da kanta, ta turara, ta gwada. Ya kama, amma bai kai ba. Ta sake, bai kai ba. Saura kwana goma sha ɗaya zangon ya ƙare.

Ina ba matata labari da rana, muna cin abinci, sai ta ajiye cokali ta kama dariya. Na ce mi ab abin dariya? Ta ce, "Kai ma dai, malam. Wace mace ka taɓa gani ta ba da haɗinta duka? Ko ni da nib ba ƙanwata haɗin yajina, sai da nir rage guda. Inna ta riƙe wani abu, kuma shi na uban tahiyar."

Na bar abincin na tafi. A hanya na yi ta gargaɗin kaina, na ce yau ko me za a yi ba zan ɗaga murya ba. Na tarar da Inna tana tsince wake a inuwa. Na zauna a ƙasa, na ja faifan gabana na taya ta. Na ce, "Inna, akwai saura."

Ba ta musa ba. Ta ce, "Akwai."

Na ce, "In kwanakin ga sunka cika, za su rubuta cewa auta ta yi ƙarya. Ba a baki ba, Inna, a takarda. Jikokinta ma sai sun karanta."

Ta daɗe tana tsintar waken. Sannan ta ce mahaifiyarta ta ba ta wannan abu ne a ciwon da ba ta tashi ba, ta sa shi a tafin hannunta, ta ce ba a faɗa wa namiji, ba a aikawa da saƙo, ba a rubutawa. Uwa ke sa wa ɗiya guda a hannu, shi ke nan. Haka ita ma aka yi mata. Ta ce, "Wanga kaɗai ta bar man. Ba ta bar man gona ba, ba ta bar man saniya ba. Yanzu kuna so in ba duniya."

Na ji tausayinta, na ji tausayin ƙanwata, ban ɗaga murya ba, wanda a wurina babban aiki ne. Muka gama waken. Ta karkaɗe zaninta ta miƙe, ta ce, "Gobe ka zo da mota. Ni zan sa mata a hannu, awa yadda anka yi man. Abin da tay yi da shi bayan nan, nata na, ba ni da magana."

Inna ba ta taɓa wuce Sakkwato ba a rayuwarta. Ta yi tafiyar wuni guda da kaskonta a cinya, naɗe a zane, ta hana a sa shi a but ɗin mota cikin kaya. Da muka isa gidan autarmu ta ce in tsaya a waje. Suka shiga ɗaki su biyu, suka jima. Da suka fito idanun autarmu sun yi ja, hannunta a dunƙule. Daga baya na karanta a takarda kamar kowa. Ƙaron hano ne, wato danƙon da ke fita a jikin itacen hano, ana jiƙa shi a bar shi ya yi tauri, kuma ba a haɗa shi da sauran. Sai garwashi ya lafa, toka ta fara rufe shi, sannan a ɗora.

Ranar gwajin an bar ni na shiga, aka ba ni farar riga da ta matse mini kafaɗa. Abokan aikinta sun jeru, da shugaban sashen, da ɗaliban nan biyu. Aka sa kaskon Inna a cikin wani akwatin gilashi mai zuƙe hayaƙi. Duk abin da Inna ta ɗebo da yatsunta, sai autarmu ta tare hannun ta auna a ma'auni kafin a zuba. A na uku Inna ta ce, "Ke auta, wuta na jiran ma'auninki?" Waɗanda ke jin Hausa suka yi dariya, shugaban ma ya murmusa. Daga nan aka ce wani malami, wanda na ji an ce yana cikin masu yawan magana a kanta, ya bi abin da aka rubuta ya haɗa nasa shi kaɗai, Inna na gefe ta naɗe hannu. Ta ce mini a kunne hannunsa ya yi nauyi, amma ba laifi.

Kwana biyu aka yi kafin sakamako ya fito. Na Inna ya kai. Na malamin ma ya kai. Ina tsaye a baranda malamin ya fito ya samu autarmu a gaban mutane, ya ce, "Dakta, na yi miki zato mara kyau, ki yafe mini." Wallahi da ni ne da sai na ja masa rai. Ita kuwa ta ce ba komai, da ita ce a matsayinsa da ta yi shakka.

Ta rubuta gyaran da kanta, ba ta ɓoye komai ba, ta ce kuskuren nata ne da ba ta bi kayanta tun daga rami har ɗakin gwaji ba. Tsohuwar farfesar nan ta haɗa a can ƙasarsu ta samu daidai, ta rubuto wasiƙa mai daɗi, daga baya har suka yi aiki tare. Yanzu sun wuce maganar turare, sun gano abin da ke cikin hayaƙin, suna shafa shi a jikin wasu abubuwan masu kafofi da ban san sunansu ba. Ɗaliban nan biyu sun gama, suna koyarwa, su ma da nasu ɗaliban. Takan nuna mini a waya jerin masu bincike daga ƙasashen da ban taɓa tunanin sun san da mu ba, waɗanda suka kafa hujja da aikinta. Ta ce takardar gyaran ta fi ta farkon yawan masu ambato. Ina alfahari da ita ƙwarai, ba na ɓoyewa, kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta tsaya ta rubuta "ban sani ba" da sunanta a sama.

Da takardar gyaran ta fito na buga ta duka na kai wa Inna. Ba ta karatun boko. Ta ce in nemo wurin haɗin in karanta mata da Hausa, a hankali. Ina karantawa tana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Na zo kan ƙaron hano, da jiƙon, da jiran garwashi ya lafa. Ta lanƙwasa na ƙarshe, ta riƙe hannun a haka.

Ta ce, "Ba su rage komi ba?"

Na ce, "Ba su rage ba, Inna. Kowa ya karanta ya iya."

Na ɗauka kuka za ta yi, na fara neman abin da zan ce in rarrashe ta. Sai ta buɗe hannun ta goge shi a zaninta.

Ta ce, "To madalla. Kowa shi gwada, shi ga ɗiyata ba ta ƙarya."